Haruffa Huɗu a Teburin Kakana

A Loughborough aka haifi kakana, Norman Tebbutt,
garin da ake rubutawa da tsawo kamar jirgin ƙasa,
a faɗe shi a gajarce, Lafbara, kamar atishawa.
Shekara arba'in da ɗaya yana gasa burodi a bayan kasuwa,
bai taɓa karanta ko rasidin fulawa ba.
Kakata Enid ce idonsa.
Ranar da aka binne ta, wata Alhamis mai yayyafi,
har da karatunsa aka rufe.

Ta bar masa wasiƙa cikin gwangwanin shayi.
Na ce kawo in karanta maka. Ya dafe murfin.
"Ba ke aka rubuta wa ba, Rosalind.
Koya min kawai."

To, muka fara, kullum bayan abincin dare,
muna rarrafe,
har muka iso ƙofar haruffa huɗu,
o da u da g da h,
a jere kamar tsofaffi kan bencin coci,
fuska ɗaya, kowace rana da sabuwar murya.

Na rubuta dough, na ce do.
Ya ce, "Kwaɓin fulawa? Na fi alƙalaminki saninsa,"
ya juya min tafinsa.
Na rubuta cough, ya yi wuf ya ce ko.
A'a, Kaka, kof, tari ke nan.
Sai tarin ya taso masa daga ƙirji,
tsohon tarin garin alkama,
kamar an kira sunansa a asibiti.

Plough garma ce, ana cewa plau.
Ya yi shiru, ya tafi gonar ubansa,
bayan doki mai farin goshi, ya dawo da laka a murya.
Bough reshe ne, bau,
irin na tuffar tsakar gida
inda igiyar shanyar Enid take har yau, ba wanda ya kwance.

Rough, kaushi. Tough, tauri.
"Waɗannan biyun dai sun yi zumunci," in ji shi.
Bai rufe baki ba through ta shigo,
mai ratsa abu ta fita ta can,
tana jan u kamar iska a bututun hayaƙi.
Ya jefar da fensir.
"Wane mashayi ne ya tsara wannan harshe?"
Na ce kama da wane ba wane ba ne.
Ya harare ni, ya tafi ya kwanta.

Da safe na tarar ya toya abu uku:
burodi, fanke, da wani biskit mai ƙonannen gefe.
"Buhu ɗaya na ɗiba," ya ce. "Wuta ce ta bambanta.
Ɗauko fensirin."

Sai a Fabrairu ya buɗe gwangwanin.
Ina wajen famfo, ina wanke kofin da na riga na wanke.
Yatsansa na tafiya kan layi, leɓe na motsi,
agogon bango na ƙirga masa.
Ya wuce though, ko da yake, bai yi tuntuɓe ba.
Ya wuce thought, tunani.
Can ƙasa ya tsaya cak.

"E, n, sannan mutanen nan huɗu.
Ino? Inau?"
Na ce inaf. Ya isa.
"Wane ya isa?
Na tsawa, ko na wanda ya ƙoshi?"
Na ce sai ka duba abin da ya zo kafinsa.

Ya koma baya da yatsa, kalma uku, huɗu.
Ya daɗe a wurin.
Bai faɗa min ba, ban kuma tambaya ba.
Ya ninke takardar yadda ta ninke ta,
ya tashi ya ɗora buta,
ya sauko da kofi uku.